Kada ka sayi biri a sama: jagorar intabiyu da cinikin albashi a kamfani mai tasowa

Ranar farko da aka tambaye ni "Nawa kake so mu biya ka?" a wani ƙaramin kamfani ne da bai cika shekara 2 da kafuwa ba. Ban tsaya tunani ba na faɗi adadi. Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta rubuta a takardar da ke gabanta, ta ɗago kai ta ce, "Ba matsala." Ko tayi ba ta yi ba. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san ma'anar wannan: idan ka yanka wa kaya farashi mai saye ya zaro kuɗi nan take, to ka karyar da kayanka. Bayan wata 7 na gano cewa wanda aka ɗauke mu tare, aikinmu iri ɗaya, ya fi ni albashi nesa ba kusa ba. Ba wanda ya cuce ni. An tambaye ni na amsa, aka ba ni abin da na nema. Shiri ne ban yi ba, kuma shirin nan nake so in shimfiɗa maka.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne, kamfani mai tasowa ba kamar tsohon kamfani ba ne. Yawanci bai fara cin riba ba, da kuɗin masu zuba jari yake numfashi, kuma kuɗin nan suna da ranar ƙarewa. Mai zuba jari yakan rarraba dukiyarsa a kamfanoni da dama, ya san da yawa za su durƙushe, ɗaya ko biyu su mayar masa da asarar. Kai kuwa shekarunka za ka zuba, kuma a wuri ɗaya. Ke nan kai ma mai zuba jari ne, kana da haƙƙin yin duk tambayar da mai kuɗi ke yi kafin ya sa hannu.

Binciken da ba a tsallake shi

Fara da sanin matakin da kamfanin yake. Irin waɗannan kamfanoni sukan tara jari zagaye-zagaye: na farko ana ce masa jarin iri, sai zagayen A, B, C, haka har gaba. A matakin iri mutane kaɗan ne, albashi ƙasa yake, kason hannun jarin da ake ba ma'aikaci ya fi girma, haɗarin rushewa ma ya fi girma. Daga zagayen B zuwa sama albashi kan matso kusa da na manyan kamfanoni, kason kuma ya ƙanƙance. Shafin Crunchbase da labaran kasuwanci sukan nuna yaushe aka tara jari na ƙarshe da nawa aka tara. A wurina ranar ta fi adadin muhimmanci, domin galibi ana tara abin da zai kai kamfani wata 18 zuwa 24 ne. Idan rabonsu da sabon jari ya kai wata 20 kuma ba su fara cin riba ba, ka san tambayar da za ka riƙe a baki.

Sannan ka taɓa kayan nasu da hannunka. In manhaja ce, ka sauke ta, ka yi rajista, ka yi kwana 2 ko 3 kana aiki da ita, ka rubuta abu ɗaya da ya burge ka da abu ɗaya da ya ba ka wahala. Masu kamfani suna gane wanda ya yi wannan tun daga maganarsa ta farko. Ka leƙa LinkedIn kuma, shafin da ma'aikata ke rubuta tarihin aikinsu, ka duba waɗanda suka bar wurin. Idan mutum 3 sun zauna a kujerar da ake kiranka cikin shekara 2, ruwa ba ya tsami banza. Nemi ɗaya daga cikinsu ka roƙe shi minti 10 a waya.

Na ƙarshe, ka san darajarka a kasuwa. Shafukan Glassdoor da Levels.fyi, inda ma'aikata ke bayyana albashinsu, suna taimakawa, musamman a aikin fasaha, amma mutanen da ke yin irin aikinka sun fi kowane shafi. Kada ka tambayi mutum albashinsa, zai ji nauyi. Ka ce, "Mai gogewa kamar tawa, daga nawa zuwa nawa ake biyansa yanzu?" Daga abin da ka tattara ka rubuta adadi 3 a takarda: wanda za ka nema, wanda za ka karɓa da farin ciki, da wanda in an yi ƙasa da shi za ka ce albarka ka tashi. Na ukun nan ka lissafa shi daga ainihin abin da kake kashewa a wata, kuma ka yanke shi kafin ka shiga ɗakin, tun zuciyarka ba ta kamu da son aikin ba.

Intabiyun kansa

Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: gajeren kira na tantancewa, gwajin ƙwarewa, zama da waɗanda za ku yi aiki tare, sannan ganawa da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Batun sutura da zuwa a kan lokaci ka riga ka san shi. In ta bidiyo ne, gwada kyamara da sauti tun da sauran lokaci.

Abin da ƙaramin kamfani ke nema ya bambanta da na babba. Ba su da sashen horarwa, ba su da wanda zai tsaya a kanka. Tambayar da ke ransu ita ce: in mun miƙa wa wannan matsala ba tare da cikakken bayani ba, zai kai ta ƙarshe? Saboda haka ka tanadi labarai 4 ko 5 daga aikinka na baya, kowanne ka iya ba da shi cikin minti 2: ga halin da aka shiga, ga abin da ni na yi, ga abin da ya fito. Ka lura da "ni". Mutane da yawa saboda kawaici sai su yi ta cewa "mun yi, mun gyara", mai tambaya ya rasa ina hannunsu yake a ciki. Ka yaba wa abokan aikinka, amma ka nuna naka. Ɗaya daga cikin labaran ya zama na kuskuren da ka tafka da yadda ka gyara shi, domin za a tambaya, kuma wanda ya ce bai taɓa kuskure ba ba a yarda da sauran maganarsa.

In an ba ka aikin gwaji ka tafi da shi, tambayi awa nawa suke sa ran zai ci. Awa 3 ko 4 babu laifi. Amma in ka ga abin da aka ba ka aikin mako guda ne, kuma ainihin matsalar da kamfanin ke fama da ita ce, kana da damar cewa a rage shi ko a biya ka ladansa.

Lokacin da aka ce "Kana da tambaya?"

Nan ne rabin intabiyun naka yake, kuma nan ne mafi yawa ke cewa "A'a, kun yi bayanin komai." Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma amsoshin da za ka ji a minti 10 ɗin nan su ne Larabar.

Tambaya mafi nauyi ka ajiye wa wanda ya kafa kamfanin: "Yallaɓai, in babu sabon jari da ya shigo, kuɗin da ke hannunku yanzu wata nawa za su kai ku?" Lissafi ne mai sauƙi, abin da ke asusu a raba da abin da ake kashewa a wata, kuma babu mai kamfanin da bai san amsar a kansa ba. Na taɓa yi wa wani wannan tambayar. Ya yi shiru, ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance ni, ya sa yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Wata 14. In kwangilar da muke jira ta tabbata, 19." Bai yi ado ba, bai ɓoye ba. Na karɓi aikin, kuma har na bar wurin bai taɓa faɗa mini abin da ba haka yake ba. Wani kuma da na yi wa tambayar sai ya shiga ba ni labarin girman kasuwar da za su mamaye. Wannan ma amsa ce. In watannin ba su kai 12 ba, ba lallai ka gudu ba, amma ka shiga ido buɗe, kuma ka fifita tsabar kuɗi a cinikinka.

Kada ka ɗauka albashi a irin wannan wuri abu ne da ba ya girgiza. Ranar 10 ga Maris 2023 hukumomi a Amurka suka rufe Silicon Valley Bank, bankin da dubban kamfanoni masu tasowa ke ajiya a cikinsa, kuma a ƙarshen makon nan masu kamfanoni da yawa ba su san ko za su iya biyan ma'aikata ba, sai da gwamnati ta lamunce wa masu ajiya.

Sai ka ƙara da waɗannan: su wa ke biyan kuɗi su sayi kayanku yanzu, kuma suna dawowa? Wa zai zama shugabana kai tsaye? Me kuke so in kammala a wata 6 na farko? Me ya sa kujerar take a buɗe? Kun taɓa rage ma'aikata, kuma yaya kuka sallame su? In ka samu dama, yi wa mutum biyu tambaya ɗaya a lokuta daban, ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya.

Tarkon "nawa kake so?"

Tambayar nan takan zo da wuri, sau da yawa a kiran farko, lokacin da ba ka san girman aikin ba, su ma ba su gama sanin darajarka ba. Adadin farko da aka furta yana da ƙarfin da ya wuce yadda ake zato. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji: an juya wa mutane faifan lambobi ya tsaya a 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 wajen 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambayar ma ta ja hankalinsu, balle adadin da kai ka faɗa da bakinka.

Don haka ka mayar da tambayar cikin ladabi: "Zan so in fahimci aikin sosai tukuna. Ku me kuka ware wa wannan matsayi, daga nawa zuwa nawa?" Ba rashin kunya ba ne. Birnin New York tun Nuwamba 2022, da jihar Kalifoniya tun Janairu 2023, doka ta tilasta wa kamfanoni da dama rubuta iyakar albashi a tallan aiki, Tarayyar Turai ma ta amince da makamanciyar doka a 2023. In sun matsa sai ka faɗa, to ka faɗi tazara wadda ƙasanta shi ne adadin da za ka karɓa da farin ciki, ka ce daga bincikenka ka samo ta.

In kuma aka ce "Nawa ake biyanka a inda kake?", ba dole ka amsa ba. Jihohi da dama a Amurka sun hana yin wannan tambayar, saboda tana sa wanda aka taɓa tauyewa ya ci gaba da tafiya a tauye. Ka ce, "Na fi so mu yi magana a kan darajar wannan aikin." Amma kada ka ƙara wa tsohon albashinka gishiri. Ƙin faɗa haƙƙinka ne, ƙarya kuwa in ta fito ta rusa komai.

Hannun jari: inda ake yawan cinikin biri a sama

Tayin kamfani mai tasowa yakan zo kashi biyu, albashi da hannun jari. Mu ce kasuwa tana biyan 100 a shekara, su sun ce 80 da hannun jari. Ashirin ɗin nan da ka bari, a shekara 4 ta zama 80, wato albashin shekara guda cur ka zuba a kamfanin. Wanda zai zuba wannan ya cancanci ya san abin da yake saya.

Abin da ake ba yawancin ma'aikata damar saye ce: izinin sayen wani adadi na hannun jari nan gaba a farashin da aka yanke tun farko. Kuma damar ba ta zama taka gaba ɗaya, nuna take yi a hankali kamar 'ya'yan itace. Tsarin da aka fi sabawa da shi shekara 4 ne, da shingen shekara 1. A ce an ba ka damar sayen hannun jari 48,000. Ka tafi a wata na 11, ba ka da ko ɗaya. Ka cika shekara, 12,000 sun nuna lokaci guda, daga nan 1,000 duk wata. A wata na 30 kana da 30,000.

Adadin kansa ba ya nufin komai sai ka san jimillar. 48,000 cikin miliyan 24 kashi 0.2 ne cikin 100. Cikin miliyan 480 kuwa kashi 0.01 ne. Don haka tambayar ita ce, "Kason nawa kashi nawa ne, in an haɗa duk hannayen jarin da aka fitar da waɗanda aka yi alkawari?" Kamfanin da ya ƙi faɗa maka wannan, ka lissafa hannun jarinsa a matsayin sifiri. Sannan ka sani duk sabon zagaye yana sirka kasonka, domin ana ƙirƙiro sabbin hannaye a sayar. In kowane zagaye ya ci kashi 20, bayan zagaye biyu 0.2 ɗinka ya koma 0.128.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa ma'aikaci ba. Na farko, masu zuba jari su ke fara ɗiba in an sayar da kamfani. Hannun jarinsu na musamman ne, sai sun mayar da abin da suka zuba kafin a waiwayi na ma'aikata. In sun zuba miliyan 50 aka sayar da kamfanin miliyan 40, kai ba ka da komai, ko da jaridu na ta yaɗa labarin cinikin. Ya faru a fili: a 2015 BlackBerry ta sayi kamfanin Good Technology a kan dala miliyan 425, alhali a baya an kimanta shi sama da dala biliyan 1. Hannun jarin ma'aikata ya faɗo zuwa santi 44 kowane ɗaya, na masu zuba jari kuwa ya haura dala 3, kuma wasu ma'aikatan sun riga sun biya haraji a kan tsohuwar ƙimar.

Na biyu, ranar da ka bar aiki agogo ya fara bugawa. A kamfanoni da yawa kwana 90 kawai kake da shi ka sayi abin da ya nuna, in ba haka ba ya koma wa kamfani. In farashin da aka yanke dala 1 ne kana da 30,000, sai ka nemo dala 30,000 cikin wata 3, ƙila da haraji a kai, don takardar da ba ka da inda za ka sayar da ita tukuna. Wasu kamfanoni sun tsawaita wa'adin, kamar Pinterest da ta mayar da shi shekara 7 a 2015 ga waɗanda suka yi aƙalla shekara 2. Ke nan abu ne da ake iya tambaya, kuma ake iya ciniki a kai. Dokar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka nemi masani kafin ka sayi ko ɗaya.

Ban ce hannun jari banza ba ne. Lokacin da Facebook ta sayi Instagram a kan dala biliyan 1 a 2012, ma'aikata 13 ne a kamfanin. Irin wannan na faruwa, amma ana ba da labarinsa ne saboda ba kasafai yake faruwa ba. Shawarata ita ce albashin ya zama wanda zai riƙe ka ko da hannun jarin bai taɓa zama kuɗi ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Cinikin

Ƙarfinka ya fi yawa tsakanin ranar da suka ce suna so da ranar da ka sa hannu. In tayi ya zo, ko ya yi maka daɗi kada ka amsa a wurin. Ka yi godiya, ka nuna kana son aikin, ka ce a turo maka a rubuce, ka nemi kwana 2 ko 3. In aka ce sai ka amsa yau ko a janye, ka lura da wannan, domin yadda suka yi maka a ƙofa haka za su yi maka a ciki.

Da ka dawo, ka haɗa buƙatunka ka faɗe su sau ɗaya, kada ka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya har su gaji. Misali: "Na gode ƙwarai, kuma ina son in yi aiki da ku. Bisa abin da na bincika da nauyin da za ku ɗora mini, na sa ran 95. In kun kai nan, yau zan sa hannu." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka ƙara da "amma in ba zai yiwu ba, ba komai." Kada ka ƙara. Wannan jimlar ita ce sallamawa tun ba a taya ba.

Ka kafa hujja da aikin da kasuwa. Buƙatun gidanka gaskiya ne, amma ba su ne ke motsa mai ɗaukar aiki ba. In kana da wani tayin a hannu ka faɗa, shi ne makami mafi kaifi. In babu kada ka ƙirƙira, ana iya ce maka "To, Allah ya sa alheri," ka tashi a tutar babu.

Sau da yawa ƙaramin kamfani da gaske yake in ya ce ba kuɗi. To sai ka juya wajen abin da yake iya bayarwa: ƙarin hannun jari, bonas na shiga aiki, tsawaita wa'adin kwana 90 ɗin nan, muƙamin da ya dace da nauyin da za ka ɗauka, kwanakin hutu, aiki daga gida, inshorar lafiya, ko kuɗin sallama in an rage ma'aikata. Kana iya cewa su kawo tayi biyu, ɗaya mai yawan albashi ɗaya mai yawan hannun jari, ka zaɓa. In sun kai inda ka ce, ka cika alkawari ka karɓa, kada ka sake buɗe ciniki. Mutanen nan gobe da su za ka zauna.

Abin da ba a rubuta ba

"Da zarar mun samu jari za mu gyara maka albashi." An taɓa faɗa mini wannan, kuma na yarda mai maganar har zuciyarsa yake nufi. Jarin ya zo bayan wata 9, amma shi ya riga ya bar kamfanin, wanda ya gaje shi kuma bai san da zancen ba. Don haka in an yi maka irin wannan alkawari, ka ce a sa shi a takarda da rana da adadi: albashi zai koma kaza bayan wata 6, ko cikin kwana 30 da rufe zagaye na gaba.

Karanta takardar ɗaukar aikin layi-layi. Duba albashi da ranar biya, da irin kuɗin da za a biya ka da su in kamfanin a wata ƙasa yake. Duba ko ma'aikaci ne kai ko ɗan kwangila, domin haraji da haƙƙoƙi sun bambanta. Duba tsawon lokacin gwaji, wa'adin sanarwa kafin rabuwa, sharaɗin da zai hana ka aiki da abokan hamayyarsu, da wanda ke cewa duk abin da ka ƙirƙira nasu ne. In kana da wani aikin kanka da ka fara tun kafin ka zo, a rubuta sunansa a ware shi. Adadin hannun jari, tsarin nunarsa da ranar da zai fara ƙirgawa duk su fito ƙarara.

Kada ka ajiye aikinka na yanzu sai ku biyu kun sa hannu. Bayan ka fara kuma akwai sauran mataki ɗaya: hannun jarin da ke cikin takardar ɗaukar aiki alkawari ne kawai har sai hukumar daraktocin kamfanin ta amince da shi an ba ka takardarsa ta daban, kuma farashin sayen a ranar amincewar ake yanke shi. In aka yi jinkiri har sabon jari ya shigo, farashin na iya tashi a kanka. Tun makon farko ka tambayi yaushe hukumar za ta zauna, ka rubuta ranar, in ta wuce ba ka ga takarda ba ka koma ka tuna musu.